Minti Talatin da Huɗu da Ƙararrawa Ba Ta Gani Ba

Ƙarfe sha biyu da kwata na rana wata malamar makaranta ta faɗo caji ofis, mayafi a hannu, alli fari fat har gwiwar hannunta. Kofur da ke kan kanta ya ce ta zauna. Ta ce ba zama ya kawo ta ba.

Sufeto ya fito daga ofishinsa yana goge baki, don shi bawan Allahn nan ba a raba shi da abin taunawa. Da ya ga idanun matar sai ya haɗiye abin da ke bakinsa.

"Babana ne ya ɓata, yallaɓai. Shekararsa tamanin da ɗaya. Yana da ciwon mantuwa, ga ciwon sukari. Ko lambar gidanmu bai riƙe ba."

"Tun yaushe?"

"Goma da minti bakwai."

"Har da minti bakwai? A gabanki ya fita?"

Ta miƙa masa wayarta. Ashe sati biyu da suka wuce ta sa an haɗa mata ƙararrawar ƙofa irin ta zamani, mai kyamara a jiki. Ko kyanwa ce ta gilma ta gaban get, sai abin ya ɗauki hotonta ya turo wa Malama a waya. Saboda Baba ta saye ta, don ta riƙa ganin fitarsa. To yau jarrabawa ake yi, wayoyin malamai duk suna kulle a ofishin shugaba, ba ta ga saƙon ba sai da aka tashi.

Sufeto ya kalla. Ga tsoho dogo siriri, hula a karkace, ya buɗe get. Ya tsaya yana duban titi kamar mai jiran wani. Sai ya bi hagu, ya fice daga hoton.

"Ina hoton da ke biye?"

"Sai goma da arba'in da ɗaya. Mai kwasar shara ne ya wuce."

"Tsakani fa?"

"Babu komai, yallaɓai. Abin da ya tsinka min zuciya ke nan. Layinmu ba ya minti biyu wani bai wuce ba."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Kofur, fito da mota."

Sun tarar da ƙofar gidan cike da mutane, masu jimami da masu neman abin faɗa, kuma na biyun sun fi yawa. Wani mutum mai farar riga da tabarau ne ke ba da umarni, yana cewa wasu su nufi tasha, wasu asibiti. Shi ne maƙwabcin da gidansa ke manne da na Malama ta hagu. Dakta ake ce masa, ko da yake har yau ban ji wanda ya ga takardarsa ba. Kemis dai gare shi a bakin titi.

"Sannu da zuwa, yallaɓai," in ji shi. "Ni tun takwas ina shago. Da labari ya same ni na rufe na taho. Baba ai ubanmu ne duka."

Sufeto ya yi masa godiya ya shige.

A falo suka sami Goggo, ƙanwar Baba, wadda ke zama da shi in Malama ta tafi aiki. Tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa tana salati da ƙarfi, yadda na waje za su ji.

"Goggo, ina kike da ya fita?"

"Ina kicin, ɗan nan. Ni da ko leƙen waje ba na yi."

"Kin yi masa allurarsa ta sukari?"

"Tara da rabi cif. Na ba shi shayi da burodi ya cinye tas."

Sufeto ya karɓi wayar Malama ya ja hotunan baya. Tara da minti hamsin, sai ga wani ɗankwali yana wucewa ta ƙasan hoton a hankali, mai shi ta duƙa tana tafiyar agwagwa don kada kyamara ta kama ta. Ya juya wayar ya nuna wa Goggo. Ɗankwalin ne a kanta.

Salati ya tsaya cak.

"Gidan tela na leƙa," ta ce a ƙasan maƙoshi. "'Yarsu ce ta dawo da akwatunanta, na ce bari in je in yi musu jaje."

Jajen ya ɗauke ta awa ɗaya da rabi, don labarin yana da tsawo.

"Kin kulle get?"

"Na dai ja shi."

Kofur ya fito daga kicin riƙe da faranti da kofi. A bayan firji ya tsince su. Burodin ko gutsira ba a yi ba, shayin ya yi sanyi har ya yi fata a sama.

Malama ta dafa bango. "Goggo! Kin yi masa allura bai ci komai ba?"

"Cewa ya yi sai ya huce. Na dawo na gan shi yadda na bar shi, tsoron faɗanki ya sa na ɓoye."

"Yallaɓai," Malama ta juyo, "allurar nan sauke sukari take yi. In babu abinci a cikinsa haka za ta yi ta saukewa. Zai fara gumi, sai barci ya ɗauke shi. Barcin da ba a tashi."

"Awa nawa muke da shi?"

"Likitansa ya ce kada a kuskura a wuce minti talatin. Yanzu an fi awa uku."

Sufeto ya dubi agogonsa. Ɗaya saura kwata. Ya ce kada wanda ya fitar da maganar nan waje, sannan ya ce a kira masa wanda ya haɗa ƙararrawar.

Kafin mutumin ya iso, Sufeto ya fita ya bi hagu, yadda tsohon ya bi. Taki goma sha biyu ya yi ya tsaya. Rana ta ƙone ko'ina ƙurmus, amma nan wurin, dab da get ɗin Dakta, ƙasa tana da danshi. Ya tsuguna ya ɗebi kaɗan ya kai hanci. Warin maganin wanke masai. Wa ke wanke titi da maganin masai?

Ya ɗaga kai. Daga inda yake tsugune ba ya hango idon kyamarar. Amma da ya matsa taki uku zuwa bakin get ɗin da mota ke shiga, sai ga idon yana kallonsa tar.

Ya kakkaɓe hannu ya koma.

Mai haɗa ƙararrawar ya iso a babur, jaka a kafaɗa. Injiniya yake kiran kansa, ya ma rubuta a bayan rigarsa don kada a yi musu.

"Me zai sa abin nan ya makance na minti talatin da huɗu?"

"Matsalar sabis ce, oga. Ka san yadda intanet yake."

"Da me take aiki?"

"Batir ne a cikinta. Hoton kuma ta waifai ɗin gidan take turawa. Ga akwatinsa can a falo."

"Na gidan nan?"

"Na gidan nan, wallahi. Ni aikina tsaf ne."

"Malama, jiya ko yau akwatin nan ya mutu?"

Goggo ce ta amsa, tana neman gyara sunanta. "Bai mutu ba. Da na dawo fitilunsa na nan kore shar."

Sufeto ya sunkuya ya zare wayar akwatin daga bango. Fitilun suka mutu. "Kofur, fita ka danna ƙararrawa."

Kofur ya fita ya danna. Sai wayar Malama ta yi ƙara, ga ƙaton hancin Kofur ya cika hoton.

Injiniya ya fara share goshi.

"Akwati a kashe, ƙararrawa na aiki," in ji Sufeto. "Aljanu ke kai mata saƙo?"

"Oga, bari in yi bayani. Ranar da na zo, waifai ɗin gidan ba ya kaiwa get, bangon ya yi kauri. Sai an sayi wata na'urar ƙarin ƙarfi, ni kuma ina da wani aikin yana jirana. Sai maƙwabci ya leƙo yana kallon aikin, ya ce nasa akwatin a jikin tagar nan yake, in haɗa da nasa kawai. Shi ya danna min lambobin sirrin da hannunsa. Na ce zan dawo in gyara."

"Ka gaya wa mai gidan?"

"Ban samu dama ba, oga."

"Wane maƙwabcin?"

Injiniya ya nuna bangon hagu da haɓa.

Malama ta buɗe baki za ta yi ihu, Sufeto ya ɗaga mata hannu. "In kika yi ƙara ya gudu da mukulli a aljihu, mun ƙara ɓata lokaci. Kira motar asibiti. Ki ɗauko zuma ko sukari ki biyo ni."

Dakta na nan a waje yana gaya wa jama'a a gwada bakin kasuwa. Sufeto ya dafa kafaɗarsa kamar tsohon aboki, ya ce su ɗan shiga daga ciki, rana ta yi zafi. Dakta ya buɗe ƙaramar ƙofar get ɗinsa.

Tsakar gidan shiru. Matarsa ta yi tafiya da yara tun shekaranjiya. Motarsa tana ajiye, an manna bayanta da bango har ko kaza ba za ta ratsa ba. Can ƙurya akwai ɗakin ajiyar kwalayen magani, da ƙaton kwaɗo a ƙofar.

"Ka ce tun takwas kana shago."

"Haka ne."

"A ƙafa ka tafi?"

"Motar ba ta da lafiya."

"Akwatin waifai ɗinka ya mutu da safe. Wa ya kashe shi, gidan ba kowa?"

"Wuta aka ɗauke, ina jin."

"Goggo tana gidan tela a lokacin, ga shi can tsallaken titi, layin wutarku ɗaya. In tambaye ta ko keken ɗinkinsa na lantarki ya tsaya?"

Dakta ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Yallaɓai, ni mutum ne mai mutunci a unguwar nan. In kana da takardar bincike, kawo. In babu, ina da marasa lafiya suna jirana."

Sufeto ba shi da takarda, kuma kafin a samo ta la'asar ta yi. Ya dubi kwaɗon, ya dubi mutumin.

"Shi ke nan, Dakta. Tambaya ɗaya ta rage, ta sana'arka ce, don ka fi ni sanin magani. Tsoho ne mai shekara tamanin da ɗaya. An yi masa allurar sukari tara da rabi na safe, bai sa ko loma ɗaya a bakinsa ba. Yanzu ɗaya da rabi. In yana kwance wani wuri yana barci, barcin me yake yi?"

Fuskar Dakta ta canza kamar an watsa mata toka.

"Yana da sukari?" in ji shi. "Ba a wurina suke sayen magani ba. Ba wanda ya gaya min yana da sukari!"

"Me zai sa a gaya maka?"

Dakta ya zabura. Ya kwasa da gudu zuwa ɗakin ajiyar, yana laluben aljihu. Mukullin ya faɗi sau biyu. Kofur ya ture shi ya buɗe.

Zafi da warin magani suka bugo su. Tsakanin kwalaye, a kan wata katifar yara, Baba na kwance. An naɗe masa kai da bandeji, an ɗaure ƙafarsa ta dama da katako biyu. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa kuwa sanyi ƙalau. Bakinsa a buɗe.

"Baba!" Malama ta zube a kansa. "Baba, ni ce!"

Ko gezau.

Sufeto ya sa yatsu biyu a wuyan tsohon. Ya daɗe yana lalube, har Goggo da ta biyo su ta ɗora hannu a ka.

"Yana bugawa," ya ce. "Kaɗan-kaɗan."

Malama ta lakato zuma tana shafa masa a dasashi, tana kiran sunan Allah tana kiran Baba, duk a haɗe. Dakta ya durƙusa a bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye shi ya fara zuba.

"Baya nake yi da mota, na makara, ina waya. Ban gan shi ba, wallahi ban gan shi ba. Na fito na tarar da shi a ƙasa, jini na zuba, titi ba kowa. Lasisina ya mutu tun bara. In aka zo bincike kuma har shagon za a duba, ni kuwa ba ni da izinin yin allura. Zan ɗauke shi sai na tuna ƙararrawar, in na ja shi zuwa get za ta gan ni. Na shiga na zare wayar akwatin."

"Sai ka ɗinke shi da kanka."

"Na ɗinke shi da kyau, yallaɓai, ka duba. Ya farka yana ta surutu, na ba shi rabin ƙwayar barci. Da na leƙo na ga ya yi shiru, na ɗauka ita ce ke aiki."

"Daga nan sai me? Ka riƙe shi har yaushe?"

Dakta ya sunkuyar da kai. "Kwana biyu. In ya ji sauƙi in ajiye shi a bakin asibiti. Na san ba zai faɗa ba. Ai shi mantawa yake yi."

Malama ta ɗago ta dube shi. Ba ta zage shi ba, ni kuwa da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi.

Kofur ya sa masa ankwa. Aka fito da shi ta gaban mutanen da ya tura tasha da kasuwa, wasu ma yanzu suke dawowa da ƙura a ƙafa. Ya nemi a rufa masa fuska da farar rigarsa, Kofur ya ce hannunsa ba ya kaiwa.

Motar asibiti ta iso da jiniya. Ma'aikaciyar jinya ta soki yatsan Baba ta duba, ta yi salati a hankali, ta nemi jijiya ta tura masa ruwan sukari. Aka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya aka fito da shi. Malama na riƙe da hannunsa, tana kallon ƙirjinsa.

Minti ɗaya. Minti biyu. Goggo ta fara karanto abin da ake karanta wa mai barin duniya, Sufeto ya harare ta ta yi shiru.

A bakin motar, fatar idon tsohon ta motsa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya bi taron da kallo, maza da mata cirko-cirko, wasu na share hawaye. Ya kamo hannun rigar Sufeto.

"Ɗan nan," ya ce, murya can ƙasa, "wa ya rasu ake wannan taro?"

Sufeto ya sunkuya dab da kunnensa.

"Ba wanda ya rasu, Baba."

A nan ne Malama ta saki hannun Baba. Ta zauna daɓas a tsakiyar titi, ta fashe da kukan da take riƙewa tun sha biyun rana.