Jan Mai a Bakin Daɓe

Cikin marka ne, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan gonakin rake, lokacin da Tukur ya zagayo da motarsa ta bayan gida ya tsayar da ita a kan tsohon daɓe. Matarsa Uwaliya tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Ta jira ta ji ya kashe injin kamar kullum, bai kashe ba. Sai ta ajiye muciya ta leƙa ta ƙofar baya.

Motar nan ita ke ciyar da gidan. Otomatik ce, tsohuwa amma mai ƙwari, da ita yake jigilar mutane da mazarƙwaila tsakanin Makarfi da Kudan da Ikara. Kwanakin baya dutse ya daki cikinta a hanyar Gazara, ya fasa kaskon da ke riƙe man giya a ƙasa. Datti bakanike ya ɗaura sabon kasko, ya zuba mai, amma kafin ya auna aka aiko masa da rasuwa, sai ya bar wa Tukur sauran aikin da baki. Ya ce masa man giya ba a auna shi kamar baƙin mai. Sai injin ya yi zafi, kuma yana kunne. Sai mota ta tsaya a wuri mai daidai, ba tudu ba gangare. A taka birki, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, a dawo da ita fakin, sannan a zaro ƙarfen awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. In ya gaza a ƙara. In ya wuce layi a rage, don yawansa ma ɓarna ne.

To, a duk unguwar babu wuri mai daidai kamar daɓen nan. Marigayiya uwar Tukur ce ta daɓe shi don sussuka, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda a yi aiki a kansa bayan la'asar ba. A gefensa, gindin wani tsohon suri, akwai rami wanda bakinsa bai fi na tulu ba.

Tukur ya bi abin da aka gaya masa tsaf. Ya zaro ƙarfen ya ɗaga shi ga sauran hasken rana, ya ga man ya haura layi da kusan yatsa guda. Ya yi tsaki, ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashin motar riƙe da wata tsohuwar tasar ƙarfe, ya sassauta noti. Man ya zubo ja wur kamar jini, yana tururi. Da ya ga ya isa sai ya ɗaure, ya fito yana sauya tasar daga hannu zuwa hannu saboda zafi. Ladan ya ɗaga murya ke nan. Tukur ya duba dama da hagu, ya ga ramin, ya juye.

Uwaliya ta ce, "Maigida, ka yi bisimilla kuwa?"

Ya ce, "Ruwan zafi aka ce kada a zubar da magariba. Wannan mai ne."

Bai rufe baki ba suka ji kukan. Siririn kuka ne, kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu, amma daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ya yi tsawo, ya yanke. Kajin da suka riga suka hau kan katanga suka diro gaba ɗaya. Tukur ya kashe injin, ya ce gafiya ce, ya wuce masallaci bai waiwaya ba.

Washegari motar ta tashi lafiya, amma ta ƙi motsi. Ya sa giya, ta yi gurnani, ta tsaya inda take. Ya bari ta yi zafi ya auna, ƙarfen ya fito kusan a bushe. Ya shiga ƙasa ya lalube bakin sabon kaskon da yatsa, babu ko danshi. Daɓen ma babu ɗigo ko ɗaya. Ya sayo mai ya ƙara har layi. Kafin ya wanke hannu ya dawo, man ya sake sauka. Datti ya zo da kansa, ya kwance kaskon ya sake ɗaurawa, ya auna da hannunsa. Da ya ga abin da ya gani sai ya tattara sifanoninsa, ya ce yana da aiki a gareji, bai ko karɓi ruwan da aka kawo masa ba.

Da magaribar ranar aka fara jifa. Ba a ga mai jifan ba, sai dai dutse ya faɗo kan kwano, ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin indararo. Can wani ya biyo. Uwaliya ta ɗauki ɗaya daga tsakar gida, ta yar da shi da sauri, don zafi gare shi kamar an ciro shi daga murhu. Da an idar da sallar isha'i sai a daina. Gobe da magariba a dawo.

Sai abin ya koma kan Ramla, autarsu, yarinya mai surutu wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta fara yin shiru. Ta daina zuwa islamiyya, ta daina cin abinci sai an matsa mata. Uwaliya ta je yi mata kitso ta ji gashinta yana warin ƙonannen mai. Ta wanke shi da sabulun salo har sau biyu, warin yana nan. Da ta ɗaga hannun rigarta sai ta ga bororo ya taso daga wuyan hannun dama har gwiwar hannu, irin na ƙuna, alhali yarinyar ba ta je kusa da wuta ba.

A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ƙara mata, aka sallame su. Uwaliya mace ce mai lura. Ita ta fara gane cewa duk ranar da Tukur ya tayar da injin nan ya zaro ƙarfen ya ga mai ya sauka, ranar idon Ramla yake ƙara fari, leɓenta ya bushe. Ta gaya masa. Ya ce maganar mata ce, ya sake sayo galan.

Ranar da ta yanke shawara, ta shiga ɗaki da magariba ta tarar da Ramla zaune tana fuskantar bango, tana jijjiga hannuwanta kamar mai rarrashin jariri. Muryar da ke fita daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kauri, tana cewa, "Yi shiru, yi shiru. Za su kashe wutar." Uwaliya ba ta yi ihu ba. Ta ja ƙofa, ta sami mijinta a zaure, ta ce, "Gobe ko ka ɗauko Malam Abdussalam mai ruƙiyya, ko in tafi Kurmin Kogi da ƙafata in ɗauko shi."

Malam Abdussalam ya iso bayan la'asar a bayan babur. Dattijo ne siriri, ba shi da yawan magana. Bai fara shiga ɗaki ba. Ya zagaya daɓen, ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallon baƙin tabon da ke wurin, ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Sannan ya sake alwala, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da Ramla, uwarta ta riƙe ta ta baya.

Ya dubi Tukur ya ce, "Abu ɗaya zan roƙe ka. Duk abin da za ka ji, kada ka amsa. Ni kaɗai zan yi magana. Abin da aka ƙulla da su ba ya kwancewa."

Ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, har inuwar katanga ta rufe tsakar gidan. Jifa ta fara, ta tsananta, sannan ta tsaya cak. Jikin Ramla ya sandare a hannun uwarta. Ta ɗago kai, idanunta a buɗe amma ba ita ke kallo da su ba.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni a kan ƙuna."

"Wace ce ke?"

"Mai wurin. Tun kafin a daɓe shi nake nan. Tsohuwar gidan ta san ni, muna gaisawa."

"Musulma ce ke?"

"Ina alwala aka zuba wa ɗana wuta."

Muryar ta ce yaron yana kwance a bakin ramin yana jiran ta idar, man ya sauka a hannunsa na dama. Ta ja shi ƙarƙashin motar don nan ne inuwa, kuma ba ya ɗaguwa. Kullum kuma sai an zo an kunna masa wuta a kai, ana zaro ƙarfe ana mayarwa.

Malam ya ce, "Yarinyar nan ba ita ta zuba ba."

"Nawa ma ba shi ya fasa kasko ba."

"Me kike so ki fita?"

"Baƙin bunsuru, a yanka a bakin ramin."

"Ba za a yanka ba. Ba a zubar da jini don wanin Allah, kin sani in da gaske musulma ce ke. An zalunce ki, ban musa ba. Nemi haƙƙinki ta hanyar da ta halatta."

Can muryar ta sauko, ta zama ta uwa da ta gaji.

"To a bar mini inuwar. Kada a tayar da motar, kada a taɓa ta, har a gama girbi a share gonaki. Kafin nan ya warke, sai in ɗauke shi mu bar muku wurin. Yarinyarku kuwa yanzu zan sake ta, lafiya lau, ko tabo ba za a gani ba."

Uwaliya ta sauke numfashi. Malam ya buɗe baki zai amsa.

Amma Tukur ɗan tasha ne. Tun yana saurayi bai taɓa jin an faɗi magana ta farko ya karɓa ba, ko kuɗin lodi ne ko na taya. Kaka kuwa ita ce lokacin da mota ke aiki ba hutu. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Har bayan girbi? Haba baiwar Allah, a dai rage mana."

"Tukur!" Malam ya daka masa tsawa, amma maganar ta riga ta fita.

Kan Ramla ya juya a hankali ya fuskanci ubanta. Bakin ya yi murmushin da Uwaliya ba ta taɓa gani a fuskar 'yarta ba.

"Na rage. Ɗauki motarka gobe da safe. Zan ja shi haka nan, hannun ya lalace in zai lalace. Sai mu yi daidai."

Malam ya kama babban yatsan ƙafar yarinyar ya ɗaga murya da karatu, yana kiran mai wurin ta dawo a koma maganar farko. Tukur ya durƙusa yana cewa ya janye, a bar motar shekara ma, a ƙone ta in ana so. Ramla ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta faɗa ƙirjin uwarta. Wata iska mai ɗumi ta bi ta ƙofar baya ta fita. Malam ya ci gaba da karatu har aka kira isha'i, ba wanda ya amsa masa. Daga ƙarshe ya rufe bakinsa, ya share fuska da gefen rawani, bai dubi Tukur ba.

Ramla ta buɗe ido. Idon nata ne. Ta dubi mutanen da ke kanta, ta ce da ƙaramar muryarta, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Uwaliya ta ɗebo ruwa a moɗa, ta miƙa mata. Yarinyar ta yunƙura za ta karɓa. Kafaɗar ta motsa, hannun bai biyo ba. Yana nan kwance a cinyarta, yatsun a lanƙwashe, sanyi ƙalau. Ta sake gwadawa. Ta kama shi da hagu ta ɗaga, ta saki, ya faɗi.

"Inna, me ya sami hannuna?"

Uwaliya ta kai mata moɗar baki da kanta, ta riƙe har ta sha ta ƙoshi. Ta goge mata haɓa da bakin zane. Sannan ta ɗaga kai ta dubi mijinta, wanda har yanzu yake durƙushe a ƙasa.

Ta ce, "Tambayi babanki. Shi ya yi cinikin."