Sunan da ke Gefen Takarda

Ranar da Bilkissou ta fara ganin Ahmadou, da sauri ta shiga shagonsa na fotokofi a unguwar Nombakélé.

"A buga min wannan, a yi masa bango mai kyau," ta ce.

Ya karanta kan shafin a fili: "Asalin Zuriyar Malam Aliou, Wanda Ya Sari Daji Ya Zauna a Ntoum." Ya ɗago yana murmushi. "Shi kaɗai ya sare dajin?"

"Shi kaɗai. Mu haka muke."

"Ranki ya daɗe, jikar masu saran daji. Ni kam takarda kawai nake yanka."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Bilkissou ita ce macen farko a gidansu da ta kai jami'a. Ta sha surutun dangi, ta sha tsayuwa cikin ruwan sama tana jiran taksi, ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Shi ya sa da idon babanta, Alhaji Abdoul, ya yi rauni, ita ya danƙa wa tsohuwar takardar ajami da kakan kakanta, Malam Aliou, ya bari, ya ce ta mayar da ita boko.

Ta kwafe komai, ban da layi ɗaya da ke gefe: "Momo ɗan dako ya tsince ni a bakin ruwa ina fama da zazzaɓi, ya goye ni, ya yi jinyata wata uku. Tare muka sare dajin. Jininsa jinina ne."

Ba ta so a karanta cewa an taɓa goya kakanta. Sai ta tsallake.

Bayan an gama littafin, ba ta rasa dalilin komawa shagon ba. Yau takardar makaranta, gobe hoton katin shaida. Wata rana saƙon Ahmadou ya shigo:

"Haskena, injina ya gaji da takardun da ba ki buƙata. Ki zo hannu sake, ni ma a duba ni."

Ta amsa: "Mai yankan takarda, ka iya bakinka. Ina hanya."

Bayan shekara guda ya tura kawunsa Ntoum neman aurenta. Kamar yadda aka saba a gidan, aka ce baƙo ya faɗi asalinsa. Kawun ya ce su jikokin Momo ne, wanda ya sari dajin nan tare da Malam Aliou. Alhaji ya sa aka karanta masa littafin daga farko har ƙarshe. Babu Momo.

"Da kun ce ba ku san asalinku ba, da na ba ku," in ji Alhaji. "Amma ba na ba da 'yata ga wanda ya fara da ƙarya."

Nan take 'yan uwa suka fara kawo sunan Abdulkuddus, ɗan baffanta, wanda sunansa ke shafi na huɗu na littafin. Bilkissou tana ɗaki tana jin komai. Sai a ranar ta san wane ne kakan Ahmadou. Amma ba ta fito ta faɗi gaskiya ba. Kwana tara tana ɓoye maganar.

A rana ta goma Ahmadou ya rubuto:

"Haskena, na ce wa kakata Mairamou ta daina ba da labarin Momo, tsufa ne ke ruɗa ta. Ta yi kuka. Ni da hannuna na buga littafin, na san ba ya ciki. Ki yafe min kunyar da na ja miki."

Ta karanta sau uku. Shi ke neman gafara, tsohuwa ke kuka, ita kuwa tana zaune da digirinta.

Bayan sallar Juma'a, Alhaji na zaune da ƙannensa, ta fito da gwangwanin da ake ajiye takardar, ta durƙusa.

"Baba, akwai layin da ban kwafa ba."

Ta karanta shi har ƙarshe.

"Mantuwa ce?" Alhaji ya tambaya.

"A'a, Baba. Girman kai ne. Na ji kunyar a ce ɗan dako ya goyi kakanmu."



"Na tura ki makaranta don ki zama idona, Bilkissou. Da idon nan na kira mutanen kirki maƙaryata a cikin gidana." Ya laluba sandarsa. "Ɗauko mayafinki. Ba aike za mu yi ba, da ƙafarmu za mu je."

A Nombakélé, gaban tsohuwa Mairamou, Bilkissou ta sa gwiwa a ƙasa ta faɗi komai. Ahmadou na tsaye bakin ƙofa, ya ƙi kallonta.

"Na sa kakata kuka saboda ke," ya ce a hankali.

"Na sani. In ka fasa, ba zan ga laifinka ba."

Tsohuwar ta kamo haɓarta. "Sake karanta min wurin goyon, 'yar nan." Aka karanta. Ta juya ga jikanta. "To, wa tsufa ke ruɗawa? Zo ka durƙusa kusa da ita, ku biyu kuke da laifi a wurina."

Ya zo ya durƙusa. Kafaɗarsa ta taɓa tata, bai janye ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Ntoum, a filin da mutanen biyu suka sare. Aka raba sabon littafi, sunan Momo yana shafin farko. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya ba ku zuriyar da ba ta jin kunyar wanda ya goye ta." Jama'a suka amsa da amin.

Da aka kawo amarya, Ahmadou ya sunkuyo kusa da mayafinta.

"Shi kaɗai ya sare dajin?"

"Su biyu ne," ta ce, ta riƙe hannunsa.