Kaka na Biyar

Da sunan Allah Mai haɗa zukata. A ɗakin karatun jami'a a birnin Karaganda Ayaulim ta fara ganin Dauren, ya baje taswira yana zana kibiyoyi a kan kogin Volga.

"Janar, wa aka ci da yaƙi yau?" ta ce.

"Da a ce Jamusawa sun ƙetare Stalingrad, ina duba inda Rashawa za su tsaya."

"Ka fara cin jarrabawarka tukuna."

Tun daga ranar saƙonsa bai yanke ba: "Tauraruwata, da Mosko ta faɗi a 1941, da wane harshe zan ce ina sonki?" Ta amsa: "Da harshen uwarka, Janar. Tambaya ta gaba."

Da manya suka zauna maganar aure, aka jero kakanni bakwai na kowane gida kamar yadda aka saba, don al'adarsu ta hana aure tsakanin waɗanda suka haɗa kaka a cikin bakwai ɗin. A kaka na biyar zuriyar biyu ta haɗu. Mahaifin Ayaulim ya ture kofin shayinsa ya ce, "Jininku ɗaya. Babu aure." Liman ya bayyana masa cewa shari'a ba ta hana ba, bai sauko ba.

Dauren ya je yin ban kwana da Kulash, kakar Ayaulim ta wajen uba.

"Kai ne mai 'da a ce'?" in ji tsohuwar. "To, da Jamus ba ta kawo yaƙi ba, me zai faru?"

"Kaka, da Rashawa ba su kwaso Jamusawan da ke zaune a bakin Volga cikin taragon shanu sun jibge su a nan ba."

Ta daɗe tana jan carbi. "Da kuwa ban yi miji ba. Kira mini ɗana."

Da mahaifin Ayaulim ya zo ta ce, "Ubanka sunansa na fari Otto. Yana ɗan shekara huɗu aka sauke shi a tashar jirgin ƙasa tare da Jamusawan nan, uwarsa ta rasu a hanya. Kakanka ya rufe shi da rigarsa, ya ba shi sunan gidan nan don tsoron hukuma. Ka ga ke nan sunan gidan kuka gada, ba jininsa ba. Kunyar ubanka ta sa na yi shiru."

"Inna, sai da na yi furfura za ki gaya mini?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ya share hawaye, ya dubi Dauren. "Je ka turo manyanka kuma."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren, aka yi wa Otto da mahaifiyarsa ambato na alheri. Abin da Allah Ya ƙaddara shi ya kasance. Allah Ya albarkaci gidansu da zuriya ta gari, amin.