Awa Biyar Daga Abuja Zuwa Kano

Da safiyar Asabar rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Rogo: buhu ashirin na irin gyaɗa sun ɓace daga siton ƙungiyar manoman Beli, jiya ana tsakiyar sallar Juma'a. Ga damina ta kawo kai.

Insifekta Abdulmutalib ya jujjuya kwaɗon siton. Lafiyarsa lau. Makulli biyu ne kacal, ɗaya a hannun Malam Daudu maigadi, ɗaya wajen Zaharaddini, sakataren ƙungiya.

Su mutanen gari sun riga sun yanke hukunci. Da ƙyar aka ƙwaci dattijon maigadin daga hannunsu, kuma ranar Litinin kotu za a kai shi.

"Wallahi ɗana, ina masallaci," in ji Malam Daudu.

Hankalin Insifekta ya tashi ƙwarai. Zuciyarsa ta ba shi gaskiyar tsohon, amma kotu ba ta san zancen zuciya ba.

A tashar Karaye ya samo Sulle, mai a-kori-kura, wanda aka ce an ga motarsa a Beli ranar Juma'a. Da farko ya rantse bai je Beli ba, sai da aka nuna masa ƙwayoyin gyaɗa a bayan motarsa.

"Ƙauyen Yammedi na kai buhunan, yallaɓai. Mutumin ya rufe fuska da hirami, amma da makulli ya buɗe."

Saura Zaharaddini. Ya tarbi Insifekta da gaisuwa har da tambayar iyali, sannan ya miƙo waya.

"Ni ina Abuja. Ga tikitin jirgina na zuwa Kano, ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a."

Sunansa ne, ranar ma daidai. Shi ke nan, tsoho ya shiga uku! Har Insifekta ya miƙe, sai ya juyo.

"Ya gajiyar hanya?"

"Kai, ba a magana! Awa biyar muna sama. Azahar da La'asar duk a kujera na yi su."

Insifekta ya koma ya zauna.

"Malam Zaharaddini, sau ɗaya na taɓa hawa jirgin nan. Shayin da aka ba ni bai gama hucewa ba aka ce mu ɗaura bel, ga Kano. Awa ɗaya ce, da ƙyar take cika. Kai lissafin motar haya ka yi wa jirgin sama. Mu je filin jirgi a duba ko ka hau?"



"Tikitin kawai na saya," in ji Zaharaddini a hankali. "Buhunan suna gidan abokina."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota.

Da aka buɗe wa Malam Daudu sel, bai tambayi ko wane ne ɓarawon ba.

"An samo irin?"

"An samo, Baba."

"To a kai yau, ɗana. Waɗanda suka doke ni ba su da abin shukawa."