Kira Daga Jirgin Katako

Mu'awiya na gadin kayan maigidansa a bakin ruwan Deira da ke Dubai, inda jiragen katako ke lodin firji da tayoyi. Bayan isha'i leburori suka watse, suka bar shi da warin gishiri da na dizal.

Sai ya ji muryar Innarsa daga cikin wani tsohon jirgi marar fitila.

"Mu'awiya, zo ka kama ni, ƙafata ta maƙale."

Ya yi turus. Jiya-jiyan nan suka yi waya, tana Kano, ko fasfo ba ta da shi.

"Wace ce? Wa ya kawo ki nan?"

"Ji ɗan nema! Ka zo Dubai har ka manta muryar uwarka? Yi maza, ruwa na shigowa."

Har ɗan tarin nan nata sai da ya ji. Siririn katakon da ya haɗa jirgin da gaɓa a jiƙe yake, ruwan ƙarƙashinsa baƙi wuluk, ko motsi ba ya yi. Ya ɗora ƙafa ɗaya, ya ɗaga ta biyu.

"Yawwa, Mu'awiya, taho."

Ƙafar ta tsaya a sama. Shi ne ɗan fari. Tun da aka haife shi, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba.