Yadda Shagon Haladu Ya Tsuke

Ku kashe wayoyin nan, ku matso. Ke Zulai, daina kaɗa ƙafa, kina ɗaga mini hankali.

Kun san yayanku Haladu mai albasa. Da can ba albasa yake sayarwa ba. Shagon gyaran kwamfuta gare shi a kasuwa, tsakanin tela da mai niƙa. Ni ban yi boko ba, ban kuma roƙi kowa ba, amma na zaunar da shi ya yi mini bayani har na gane.

Ranar Juma'a ce, rana tsaka. Kowa ya tafi masallaci, shi ya tsaya wai zai ƙarasa aiki. Kasuwa tsit. Ko akuya ba ta motsi.

Sai ga mutum tsaye a kansa, rungume da kwamfuta. Babu sallama. Dogo ne, da fararen kaya. In zai yi magana, sai bakinsa ya rufe tukuna muryar ta iso.

"Samari, duba mini."

A cikin kwamfutar akwai wata kwamfutar. Haka suke yi, wai. Su gina ƙarama cikin babba, da nata allon, kamar akurki a tsakar gida. Allon ta cikin bai fi tafin hannu ba.

"Mutanena sun matsu," in ji mutumin. "Faɗaɗa musu."

"Wannan ai ba aiki ba ne, Alhaji."

Haladu ya shiga saitin ta cikin, inda lambobin girman allo suke jere, ya zaɓi ta gaba. Allo ya buɗe.

Gwiwar hannunsa ta bugi bango. Bangon da sai ya miƙe yake taɓawa.

"Ƙara."

Ya ƙara. Bencin da ke bayansa ya ce ƙas, ya tsage. A cikin allon ya hango wani ɗaki. Mutane zaune, sun juya baya, suna miƙe ƙafafu, suna ajiyar zuciya.

"Ƙara, samari. Akwai masu zuwa."

Haladu ya waiwaya. Ƙofar shago ta koma kamar bakin rumbu. Nan ya gane: filin da yake ba su, daga shagonsa ake yankowa. Ya kai hannu zai mayar da ƙaramar lamba. Mutumin ya riƙe masa wuyan hannu. Sanyi kamar gindin randa.

"Ba a ba mu a karɓe. Saura ɗaya."

Na cikin allon suka fara juyo da kawunansu. A hankali. Duk tare.

Haladu bai tsaya ganin fuska ba. Ya ambaci Allah, ya fizge, ya kutsa ƙofar nan a kaikaice. Fatar kafaɗarsa a can ya baro ta. Ni na gasa masa kafaɗar da ruwan zafi da gishiri, yana ihu, ina cewa ya rufe mini baki.

Me ka ce, Sagiru? Kwamfutocinsa? Suna ciki. Shagon ma yana nan. Tsakanin tela da mai niƙa akwai wata 'yar tsaga, ko kaza sai ta karkace za ta shiga. Shi ke nan abin da ya rage. Shi kuwa yanzu a fili yake kasa kayansa, inda babu bango ko ɗaya.

Kada in ji ɗayanku ya zauna shi kaɗai a kasuwa ana sallar Juma'a. Wanda kuma yake ganin ƙarya nake, ya tashi da wuri gobe. Ni da kaina zan kai shi ya zura hannu.