Jan Zare a Gidan Mian Shafkat

Ranar Talata da hantsi Mian Shafkat ya shiga ɗakinsa na sauraro a unguwar Samanabad da ke Lahore. Ya miƙa hannu zai kunna ƙaramin akwatin sauti kamar kullum, sai hannunsa ya sauka a kan katako. Babbar amfilifaya tana nan, sifiku biyu suna nan, na'urar kaset ma tana nan. Ƙaramin ne babu.

Ɗansa Tanwir ne ya zo shago ya ɗauki mijina, Ustad Zahur, Allah ya jiƙansa, wanda ya shekara talatin yana gyara kayan sautin gidan. Yadda mijin nawa ya ba ni labarin, haka nake rubutawa.

Sun tarar da Masi Sughra, mai aikin gidan, zaune a ƙofar kicin da ƙullin kayanta a cinya. Shekararta ashirin da shida a gidan. Tanwir ya ce in akwatin bai fito ba kafin la'asar, ofishin 'yan sanda zai kai ta.

Tsohon yana kan kujera riƙe da kaset ɗaya. Muryar matarsa Raziya ce a ciki, tana waƙa a bikin ƙanwarta. Wata bakwai da rasuwarta, kullum sai ya saurara.

"Ustad, an sace min kunne," ya ce.

Haka mijina yake bayyana wa mutane kayan nan masu kashi biyu. Ƙaramin akwati shi ne kunne, shi yake karɓo sauti ya gyara shi. Babban ƙirji ne kawai, ƙarfi yake bayarwa. In babu ƙaramin, babban kurma ne.

Mijina ya durƙusa ya leƙa bayan kantar da kayan suke kai. Wayoyi huɗu da aka cire suna kwance a jere. Ya daɗe yana dubansu kafin ya fito.

Da Sughra ya fara.

"Masi, cikin biyun wanne ya fi tsada?"

"Babban mana. Ko turawa ba na iya yi in ina shara. Ƙaramin ba rediyo ba ne?"

"Ke kike ɗinkin gidan?"

"Da waɗanne idanu? Shekara biyar rabona da ganin kafar allura."

Sai ya koma kan Tanwir.

"Watan jiya ka kawo wa Abbanka sabuwar amfilifaya, mai haɗe da komai a akwati ɗaya."

"Na kawo. Me laifinta? Maɓalli ɗaya, waya kaɗan, ba zafi, ba jiran ta ɗumama. Minti biyu ya saurara ya ce, 'Wannan wata mata ce, ba Raziya ba.' Na mayar da ita."

"Da ƙaramin ya ɓace, ai dole ya haƙura da irin taka."

Tanwir ya miƙe tsaye. "Ni kake zargi, Ustad?"

"Zauna. Kai da sau biyu kana fizge waya ina zuwa ina sa mata dalma? Wanda ya cire waɗannan hannunsa ya fi naka ladabi."

Saura Chaudhri Imdad, abokin tsohon, mai saye da sayar da tsofaffin kayan sauti. Ya daɗe yana roƙon a sayar masa da akwatunan biyu, kuma ranar Litinin ya sha shayi a ɗakin. Mijina ya kira shi a waya.

"Kai Zahur, tsufa ya taɓa maka kai," in ji Chaudhri. "In sata zan yi, ƙwayayen gilas huɗun nan na cikin babban zan zare in zuba a aljihu, su ne masu tsada. Wa zai raba miji da mata ya ce ya yi ciniki?"

Mijina ya yi dariya ya ajiye wayar. Ya nemi a ba shi ruwa, ya bi wadda ta kawo masa har baranda. Nuzhat ce, 'yar tsohon, wadda ta zo daga Multan tun sati uku don ta kula da shi. A kan gadon igiya akwai gyalen da take yi wa ado da jan zare.

"'Yata," ya ce a hankali, "a ina kika ajiye shi?"

Ta ajiye tiren. "Ban gane ba, Ustad."

"Kowace waya an ɗaura mata jan zare. Ta farko ƙulli ɗaya, ta biyu ƙulli biyu, har huɗu. Chaudhri ya san gurbin kowace waya ko idonsa a rufe, ba ya buƙatar alama. Yayanki ba shi da wannan haƙurin. Masi ba ta san ƙaramin ne ke sa babban magana ba. Wanda ya ɗauka ya san amfaninsa, amma bai iya haɗa shi ba, kuma yana da niyyar mayarwa. Ɓarawo ba ya damuwa da yadda za a mayar."

Ta zauna a gefen gadon ta rufe fuska da gyalen.

"Ba ya cin abinci, Ustad. Daga hantsi har magariba yana juya kaset ɗin nan. In na shiga da miya sai ya ɗaga min hannu, wai in bari ta gama baiti. Ni ma uwata ce. Na ce in ya yi kwana uku babu shi, ko zai dube mu."

"Da aka ce Masi ce fa?"

"Bakina ya yi nauyi. Na ji tsoron Abba ya san ni ce."

"La'asar ta kusa," ya ce.

Ƙaramin akwatin yana cikin babban akwatin ƙarfe na barguna, a naɗe cikin mayafin marigayiya. A bayansa, kusa da kowane gurbin waya, ta ɗiga jan farce: ɗigo ɗaya, biyu, uku, huɗu. Mijina ya ce bai taɓa ganin mai koyo da ya yi aiki mai tsabta haka ba.

Da kanta ta ɗauko shi ta ajiye a gaban mahaifinta, ta faɗi komai a gaban kowa. Tsohon ya dubi akwatin, ya dube ta.

"Ustad, bar haɗawar sai gobe," ya ce. "Nuzhat, akwai sauran miyar jiya?"

Tanwir ya sunkuyar da kai ya nufi ƙofar kicin, amma ƙanwarsa ta riga shi. Ta durƙusa gaban Sughra ta kama ƙafarta.

"Masi, ki yafe min."

"Ni na goya ki ranar da kika karye a hannu," in ji Sughra. "Kina ji ana ce min ɓarauniya tun safe, kika wuce ni sau uku da tire."

"Na sani."

"Ba ki sani ba." Ta juya ga Tanwir. "Kai kuma, 'yan sanda? Ni da na wanke maka fitsarin kwance har kana aji uku?"

Ba wanda ya yi dariya sai tsohon, karo na farko a wata bakwai.

Sughra ba ta ce ta yafe ba. Ta share ido da bakin mayafi, ta tura ƙullin kayanta cikin hannun Nuzhat.

"Kai min ɗaki, ki jera su yadda suke. Miyar jiya ba za ta shiga cikin maigida Mian Sahab ba ina raye. Kai Tanwir, je ka sayo albasa."

Ya tafi, ko takalmi bai tsaya nema ba.